Slash da Guns N' Roses: yadda mai hannun jari ya wayi gari ɗan ƙwadago

Ranar 30 ga Oktoba 1996 wata takarda ta shigo ofishin tashar MTV ta na'urar faks, daga hannun Axl Rose mawaƙin Guns N' Roses, ƙungiyar kiɗan rok ta Amurka. Takardar a hargitse take kamar mai ita, amma kowa ya tsinci abu ɗaya a ciki, wai Slash, babban mai jitar ƙungiyar, ba ya cikin tafiyar yanzu, kuma wai a hukumance ma tun 31 ga Disamba 1995 ya fita daga haɗakar. Shikenan fa. Mutumin da ko ba ka san sunansa ba ka san hotonsa, doguwar baƙar hula, gashi ya rufe fuska ruf, sigari a gefen baki, jitar Les Paul ta sauko har cinya, ya bar ƙungiyar da ya shekara 11 a ciki yana ɗan shekara 31, kuma sai da aka ƙara kusan shekara 20 kafin a sake ganinsu shi da Axl a kan dandamali ɗaya.

Abin da aka fi yaɗawa lokacin shi ne wai saɓanin kiɗa ne, Axl na son kiɗan na'ura da kwamfuta irin na su Nine Inch Nails, shi kuma Slash ya kafe a kan rok ɗin da ya sani mai jita da ganga. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki amma ni dai ban yarda nan ne asalin ciwon ba, don mutanen nan tun ran farko ba su taɓa son abu ɗaya ba, kuma a haka suka yi waƙoƙinsu mafi daɗi. Shi kansa Slash a littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 2007 dalili uku ya kawo kuma ba zancen salon kiɗa a ciki, lattin Axl, da wasan lauyoyi da aka yi da sunan ƙungiya, sai rashin Steven Adler mai ganga da Izzy Stradlin mai jita ta biyu, waɗanda aka kafa ƙungiyar da su. In ka haɗa ukun nan magana ɗaya suke yi. Mutum ne ya shiga harka da hannun jarinsa, ya wayi gari ana so ya koma ɗan ƙwadago, kuma abin haushin shi da kansa ya sa hannu a takardar.

Bari na ɗan tsaya a nan don mu abin zai iya mana wani iri. A wajenmu ai sunan mawaƙi shi ne sunan ƙungiya, masu kalangu da 'yan amshi yaransa ne, in an yi kyauta shi ke rabawa yadda ya ga dama ba mai ce masa don me. Toh wannan ƙungiyar ba haka ta fara ba. Haɗaka ce ta mutum biyar, sunan na kowa ne, riba ta kowa, asara ta kowa, kuma in ba ka riƙe wannan ba ba za ka gane me ya yi zafi ba.

Mutum biyar da mota ɗaya

A 1985 aka haɗu a Los Angeles, duk talakawa tiƙis. Axl da Izzy 'yan gari ɗaya ne, Lafayette a jihar Indiana, tun suna yara suka san juna. Duff McKagan mai jitar bes daga Seattle ya zo. Slash da Steven Adler mai ganga su ma abokai ne tun ƙaramar sakandare, Steven ɗin ne ma ya fara sa masa son jita, kuma jitarsa ta farko wata tsohuwa ce mai tsirkiya ɗaya da kakarsa ta ba shi. Sunan Slash na yanka Saul Hudson, a Landan aka haife shi 1965, babansa Bature ɗan Ingila mai zane, mamansa Ola baƙar fatar Amurka ce mai ɗinka wa taurari kaya, har David Bowie ta yi wa ɗinki. Tafiyarsu ta farko zuwa wasa a Seattle mota ta mutu musu a hanya, suka sauko da jitocinsu a hannu suna tare manyan motoci a rage musu hanya, a haka suka isa. Irin wannan wahalar ita ke sa mutane su ji su 'yan uwa ne, ba wanda ya ɗauki wani aiki.

Kamfanin faifai na Geffen suka ɗauke su a 1986, faifansu na farko Appetite for Destruction ya fito a Yuli 1987, da farko kamar ba zai yi kasuwa ba, sai bayan shekara ɗaya ya hau na ɗaya a Amurka, yanzu an sayar da sama da miliyan 30 a duniya. Waƙar da ta ja shi sama, Sweet Child o' Mine, labarinta kaɗai ya isa ya nuna maka yadda suke. Slash ne yana zaune yana wasa da yatsu a kan jita, shi a wajensa shirme yake yi, Izzy ya ɗora masa nasa kiɗan a ƙasa, Axl yana sama a ɗaki ya jiyo ya hau rubuta baiti. Slash ya daɗe ma ba ya son waƙar. Kaga da shi kaɗai ne da ya watsar da ita, da Axl ne shi kaɗai kuma da ba abin da zai ɗora baitin a kai. Kuɗin faifan ma rabawa suka yi kusan daidai, Axl kashi 25, Slash da Izzy da Duff 20-20, Steven 15.

Tsagewar farko a bainar jama'a ta faru ne Oktoba 1989, suna buɗe wa Rolling Stones wasa a babban filin Coliseum na Los Angeles. Lokacin Slash ya nutse cikin hiroyin, ba shi kaɗai ba. Suna da wata waƙa Mr. Brownstone da shi da Izzy suka yi a kan ita hiroyin ɗin, sunan laƙabi ne suka ba ta. Axl ya tsaya gaban dubun dubatar mutane ya ce in wasu a ƙungiyar nan ba su daina rawa da Mr. Brownstone ba to waɗannan ne wasanninsu na ƙarshe. Kowa a filin ya san da wa yake. Washegari sai da Slash ya fito ya yi wa jama'a jawabi a kan illar ƙwaya kafin a ci gaba. Gaskiya dai Axl ya faɗa, ba mai musu, amma tonon silili a gaban duniya ba nasiha ba ce, kuma Slash ya faɗa daga baya cewa abin nan yana cikin abubuwan da suka fi sa ya tsani Axl. Abin lura ɗaya, a ranar Axl ya gano makaminsa. In ya ce ba zai hau ba, kowa sai ya durƙusa, don za a iya yin wasa ba mai ganga na asali amma ba za a yi ba mai murya ba.

Daga nan aka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Yuli 1990 aka kori Steven saboda ƙwaya ta hana shi riƙe kiɗa a situdiyo, kuma wannan kam da hannun Slash a ciki, abokinsa na yarinta ne amma ya yarda, masu shaye-shaye suka kori ɗan uwansu don ya fi su nisa. Steven ya kai su kotu, a 1993 aka sasanta aka ba shi dala miliyan 2.25. Aka kawo Matt Sorum a madadinsa, gwani ne amma ma'aikaci ne ba mai kaso ba. 1991 aka sallami manajansu Alan Niven, mutumin da ya kawo wa Slash jitar da ya yi Appetite da ita kuma kusan shi kaɗai ke iya ce wa Axl a'a, aka ɗora Doug Goldstein wanda ya fi kusa da Axl. Sai babbar asara, Izzy. Shi ya riga ya daina shan komai tun 1989, har motarsa daban yake bi don kar ya zauna cikin mashaya, ya gaji da jiran Axl ya gaji da hayaniya, ya kuma ce an kawo masa takarda da za ta rage masa matsayi, Nuwamba 1991 ya tattara ya yi gaba. Mutane suna raina Izzy don ba ya tsalle-tsalle a dandamali amma shi ne gadar. Shi ya san Axl tun kafin ya zama Axl, shi ke iya ɗaukar abin da Slash ya kaɗa ya mayar da shi waƙar da Axl zai iya rerawa. Da ya tafi sai ya zama mutum biyun nan ba su da tafinta.

Jira

Wannan ɓangaren shi na fi son a tsaya a kai, don wanda bai taɓa jiran mutum ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Satumba 1991 suka saki faifai biyu rana ɗaya, Use Your Illusion na ɗaya da na biyu, suka kama matsayi na biyu da na ɗaya a Amurka a satin farko, suka shiga zagayen duniya na sama da shekara biyu, wasa kusan 200. Kuma a wasanni da yawa Axl sai ya makara, awa ɗaya, awa biyu, wani lokaci har uku. Ka ƙaddara kai ne Slash. Ka shirya tun ƙarfe tara, jita na rataye a wuya, kana bayan dandamali kana jin mutum dubu hamsin da suka biya kuɗin tikiti sun fara da tafi sun koma ihu sun koma zagi sun fara jifa da kwalabe, kuma ba ka da ta cewa don wanda ake jira ba ya ma cikin ginin, ko yana ciki ya rufe ƙofa ba mai shiga. Me za ka yi da awa biyun? Shi da Duff kwalba suke buɗewa. Kafin mai gayya ya iso sun yi tatil, sai ya fito ya gansu a haka ya ƙara raina su, su kuma suna cewa ai kai ka jawo. Haka aka yi ta zagaye.

Kuma lattin nan kuɗi ne. Filayen wasa suna da lokacin tashi, in ka wuce tara ce, ma'aikata kuma a biya su kuɗin ƙarin lokaci, duk daga asusun haɗaka ake cira, wato Slash na biyan kuɗin lattin da ba shi ya yi ba. Ga liyafar da Axl ke sawa a shirya bayan wasa, ga masu busa da mata 'yan amshi da aka ƙaro, ga bidiyon November Rain da ya ci sama da dala miliyan ɗaya, na Estranged ya ninka haka. Sai da suka rage kaya a zagayen 1993 suka koma su kaɗai ba tarkace don a samu a fita da wani abu.

Sau biyu abin ya kai ga tarzoma. Ranar 2 ga Yuli 1991 a kusa da St. Louis, Axl ya hango wani da kyamara, ya ce masu gadi su ƙwace ba su ƙwace ba, ya yi tsalle ya faɗa cikin jama'a da kansa, ya dawo ya buga makirfo da ƙasa ya fice, mutane suka farfasa wurin da kayan kiɗansu, da yawa suka ji rauni. Na biyun ya fi ciwo. Ranar 8 ga Agusta 1992 a Montreal ta Kanada suna zagaye tare da Metallica, wutar ado ta dandamali ta ƙona James Hetfield mawaƙin Metallica aka kwashe shi sai asibiti, wasansu ya tsaya a tsakiya. Dama ce ta faɗo, Guns N' Roses su fito da wuri su share wa mutane hawaye su zama jarumai. Ina! Sai da aka daɗe ana jira, suka fito suka yi 'yan waƙoƙi, Axl ya ce maƙogwaronsa na ciwo kuma ba ya jin kansa a lasifika, ya juya ya tafi. Aka kifar da motoci a waje aka fasa gilasai aka cinna wuta. Slash mutum ne da duk lalacewarsa ba ya wasa da hawa dandamali, shi wannan ne addininsa, an ce ku zo kun zo kun biya to za a muku kiɗa ko da mutum zai faɗi. Irin wannan mutumin ka sa shi ya riƙa sauka a tsakiyar wasa ba da son ransa ba, ka gama da shi.

Takardar suna

Ana cikin wannan zagayen ne maganar suna ta taso. Axl ya nemi a rubuta cewa in an rabu, sunan Guns N' Roses nasa ne shi kaɗai. Slash da Duff suka sa hannu. A nan labari ya rabu biyu. Su sun ce an kawo musu takardar ne a bayan dandamali jama'a na jira, Duff ya ce a Barcelona ne 1993, aka nuna musu cewa in ba su sa hannu ba Axl ba zai hau ba, kuma sun riga sun ga abin da ke faruwa in bai hau ba, sai suka sa don kar a yi asarar rai. Axl ya ce ƙarya ce tsagwaronta, ya ce da haka aka yi ai kotu za ta soke takardar don an sa hannu bisa tilas, kuma shi ya nemi sunan ne don ya kare shi.

Ni a nan ba na wanke Slash. Ko wanne labarin ka ɗauka, mutum mai lauyoyi da manaja da miliyoyi ya sa hannu ya ba da abu mafi tsada da ya mallaka, kuma shi da bakinsa ya ce a lokacin bai ɗauki sunan a bakin komai ba, a ganinsa in ba su biyar ɗin ai sunan fanko ne, wa zai saya? Lissafin makaɗi kenan. Axl kuwa lissafin ɗan kasuwa ya yi, ya san mai sayen tikiti sunan yake gani a allo. Kuma in ɓera da sata daddawa ma da wari, ka duba da idon Axl, abokan haɗakarka biyu ɗaya kullum cikin hiroyin ɗaya cikin giya, a 1992 ma an tsinci Slash a sume a wani otal a San Francisco zuciyarsa ta tsaya sai da aka farfaɗo da shi, Duff kuma a 1994 fankiriyas ɗinsa ya fashe saboda sha saura ƙiris ya tafi. In ɗayansu ya mutu gobe da wa za ka raba sunan, da magada da lauyoyinsu? Tsoron Axl ba na banza ba ne. Inda ya ɓata shi ne abin da ya yi da sunan bayan ya samu.

Wasan ƙarshe na zagayen aka yi 17 ga Yuli 1993 a Buenos Aires ta Ajantina. Ba wanda ya san shi ne na ƙarshe. Aka dawo gida za a yi sabon faifai, sai abu ya cije. Slash ya haɗa waƙoƙi a situdiyon gidansa, irin nasa, masu nauyi ba kwalliya, ya kai wa Axl ya ce ba ya so. Toh ya kwashi abinsa ya haɗa wata ƙungiya ta gefe, Slash's Snakepit, suka fitar da faifai Fabrairu 1995, ya koma yawon ƙananan kulob yana jin daɗinsa, wasa na farawa a kan lokaci ana tashi a kan lokaci. Ta bakin Slash, daga baya Axl ya dawo yana son wasu daga cikin waƙoƙin, ya ce masa ai an wuce wurin. Ta bakin Axl kuwa, Slash ne ya zo da gadara yana so a rera kayansa yadda suke ba gyara, wato shi ma so yake ya karɓe ragamar. Ina ganin duka biyun sun faru, kowa ya faɗi rabin da ya masa daɗi ne.

A 1994 ɗin Axl ya sallami Gilby Clarke wanda ya gaji Izzy, ba tare da yardar Slash ba, ya kawo wani abokinsa na Indiana, Paul Huge. A harkar nan mai jita ta biyu kamar abokin tafiyar mai jitar gaba ne, kafaɗa da kafaɗa suke aiki, in jininku bai haɗu ba ba abin da zai fito, kuma Slash ya ƙi jinin mutumin nan tun ganin farko, ya ce bai kai ba. Sai ga aikin da ya ƙarasa zance. Aka ce su sake rera tsohuwar waƙar Rolling Stones, Sympathy for the Devil, don fim ɗin Interview with the Vampire. Slash ya yarda ne don yana ganin ko wannan zai sa a haɗu a ɗaki ɗaya a yi aiki. Su suka je suka yi kiɗansu Axl bai zo ba, sai shi ya zo nasa lokacin daban ya ɗora murya. Sai saƙo ya iso wa Slash ta hannun wani, wai ya sake nasa kiɗan ya yi shi kusa da yadda Keith Richards mai jitar Rolling Stones ya yi a ta asali. Ya haɗiye ya sake. Da aka kawo masa waƙar an gama haɗawa ya saurara, ya kai daidai wurin da jitarsa ke magana ita kaɗai, sai ya ji wata jitar a kan tasa tana bin sawunta tana amsa mata. Paul Huge ne. Ba wanda ya tambaye shi, ba wanda ya gaya masa. Ga makaɗi wannan kamar ka dawo gida ne ka tarar an sa wa wani katifa a ɗakinka. Slash ya ce duk mai son jin ƙarar rushewar ƙungiya to ya saurari waƙar nan, kuma ita ce ta ƙarshe da ya yi da su a wancan zamanin.

An ɗan yi 'yan dabaru, farkon 1995 har Zakk Wylde mai yi wa Ozzy Osbourne jita ya zo aka gwada, bai ɗore ba. Sai a cikin 1995 ɗin Axl ya yi amfani da takardarsa. Ya aiko da sanarwa ta lauya cewa ya fita daga tsohuwar haɗaka, zai kafa sabuwa da sunan Guns N' Roses, Slash da Duff in suna so su shigo amma a kan kwantiragi. Kaga inda aka kwana. Mutumin da kuka tare mota tare a hanyar Seattle yanzu shi zai ɗauke ka aiki a ƙungiyar da kiɗan yatsunka ya gina. Slash ya ɗan daure, ya je gwaji 'yan kwanaki a 1996, ana taruwa a situdiyo cikin dare ana jiran Axl har wajen asuba, in ya zo ma ba lallai ya rera komai ba. Ya ba da labarin cewa ya kai kukansa wajen Keith Richards, dattijon ya ce masa abu ɗaya ne ba a yi, ba a barin ƙungiya. Amma shi Keith ai bai taɓa zama ma'aikacin Mick Jagger mawaƙinsu ba, duk faɗan da suke yi. Oktoba 1996 Slash ya aika cewa ya bari.

Akwai wani zance da Doug Goldstein ya fito da shi a 2015, wai asalin rigimar aikin da Slash ya yi da Michael Jackson ne, don ya kaɗa masa jita a faifan Dangerous na 1991 sun kuma yi wasa tare, shi kuma Axl da ya taɓa faɗa wa duniya an ci zarafinsa yana ƙaramin yaro abin ya masa zafi saboda zarge-zargen da aka yi wa Jackson. Ni ban ba wannan nauyi sosai ba, don Izzy bai yi aiki da Jackson ba ya tafi, Matt Sorum bai yi ba aka kore shi a 1997 bayan sun yi cacar baki da Axl a kan shi Paul Huge ɗin dai, Duff ma bai yi ba ya ajiye a Agustan shekarar. Cikin mutum biyar na farko Axl kaɗai ya rage, shi da suna.

Abin da kowa ya samu

Axl ya samu abin da ya nema kuma ya ɗanɗana kuɗarsa. Ya yi ta sauya masu jita, Robin Finck daga Nine Inch Nails, Buckethead mai kifa bokitin kaza a ka, da wasu, duk gwanaye ne wasu ma sun fi Slash saurin yatsa, amma faifai ɗaya tal, Chinese Democracy, sai Nuwamba 2008 ya fito, bayan jaridar New York Times ta ruwaito tun 2005 cewa ya riga ya ci dala miliyan 13. Da babu mai ce masa ya isa haka, sai ya kasa gamawa. Slash shi ma ba hutu ya samu ba da farko, shan ya ƙaru, a 2001 zuciyarsa ta kusa gazawa aka dasa masa na'ura a ƙirji yana ɗan shekara 35, sai wajen 2006 ya rabu da kwalba da ƙwaya gaba ɗaya. A tsakani shi da Duff da Matt suka kafa ƙungiyar Velvet Revolver da mawaƙi Scott Weiland, faifansu na farko ya hau na ɗaya a 2004 har da kyautar Grammy, sai ga shi nan ma mawaƙin ya zame musu ciwon kai aka rabu a 2008. Wani ikon sai Allah.

Gabar kuwa ta yi muni. Ƙarshen 2001 Slash ya je kallon wasan sabuwar Guns N' Roses a Las Vegas aka hana shi shiga a bakin ƙofa. An shiga kotu a 2004 da 2005 kan iko da kuɗin tsofaffin waƙoƙi. A 2009 Axl ya kira Slash cutar daji, wato kansa, a wata hira, kuma a shekarar ce kansar huhu ta kashe mahaifiyar Slash. Afrilu 2012 da aka karrama ƙungiyar a Rock and Roll Hall of Fame, gidan karrama gwanayen rok da ke Cleveland, Axl ya rubuto wasiƙa ya ce ba zai zo ba kuma kar a sa sunansa, sauran suka hau wani mawaƙi Myles Kennedy ya rera musu. A lokacin ne wani mai kyamara ya tare Axl a titi ya tambaye shi ko za a sake haɗuwa, ya ce ba a wannan rayuwar ba.

A 2015 Axl da Slash suka yi magana a waya suka zauna. Ranar 1 ga Afrilu 2016 Axl da Slash da Duff suka hau dandamalin Troubadour, ƙaramin kulob ɗin Los Angeles da suka fara tashe a ciki, a daren Axl ya karya ƙafa, wasannin da suka biyo baya a zaune ya yi su kan wata kujerar sarauta da wani mawaƙi Dave Grohl ya ara masa. Kuma abin mamaki ya koma hawa a kan lokaci. Zagayen suka sa masa sunan waccan maganar tasa, Not in This Lifetime, daga 2016 zuwa 2019 ya tara sama da dala miliyan 580. Steven ya leƙo a 'yan wasanni ya buga waƙa ɗaya biyu ya sauka. Izzy bai zo ba sam, da surutu ya yi yawa ya rubuta a Twitter cewa ba su so a raba ganimar daidai ba ne.